Yadda ake rubuta takardar tayin aikin tsabta: amsa ga wata mai sana'a a Damagaram

Wata baiwar Allah daga unguwar Sabon Gari a nan Damagaram ta aiko da tambaya. Ta ce shekara huɗu ke nan tana tafiyar da ma'aikata shida, mata huɗu da maza biyu, suna share sababbin gidaje bayan magina sun tashi, suna kuma wanke gidan amarya kafin a yi jere, kuma duk cinikin da ta taɓa yi da baki aka yi shi. Yanzu wata ƙungiya mai zaman kanta ta fitar da sanarwa tana neman masu aikin tsabta su kawo tayi a rubuce domin kula da bironta na tsawon shekara guda. Abin da take son sani shi ne me ake rubutawa a irin wannan takarda, kuma nawa ya kamata ta sa.

Malama, Allah ya sa albarka a sana'a. Na yi shekaru a sashen saye-saye na wata ƙungiya a garin nan, kuma ina cikin kwamitin da ke buɗe ambulan ɗin masu neman kwangila, saboda haka zan ba ki amsa daga kujerar wanda zai karanta takardarki. Mutanen da ke zama a wannan tebur yawanci uku ne ko huɗu: mai kula da kayan aiki, kontabul, da wani daga ɓangaren shugabanci. Ba su san ki ba, ko da sun san ki ma ba a yarda su yi aiki da sanayya ba, kuma bayan sun zaɓa dole su rubuta dalilin zaɓinsu domin mai binciken kuɗi da zai zo daga Yamai ko daga waje ya karanta. Duk jimlar da za ki rubuta, ki auna ta da wannan ma'auni: shin za ta taimaki waɗannan mutane su kare zaɓinsu idan an tuhume su? Kalmomi irin su "muna da ƙwarewa" da "aikinmu ba shi da na biyu" ba sa taimakonsu da komai, domin kowane ambulan da suka buɗe haka ya ce.

Kafin ki ɗauki alƙalami, ki nemi izinin zuwa ki ga ginin. Gani ya kori ji, kuma a wannan sana'a rabin takardar a wannan ziyara ake rubuta ta. Ki tafi da ɗan littafi da abin awo, ki ƙirga ɗakuna ɗaya bayan ɗaya, ki rubuta faɗin kowanne ko da kwatance ne, ki lura da irin daɓen, karo ne ko siminti ko akwai inda aka shimfiɗa darduma, domin kowanne da irin wankinsa da lokacin da yake ci. Ki ƙirga makewayi, ki duba ko na zama ne ko na tsuguno, ki murɗa famfo ki ga ko ruwa na zuwa, ki tambaya ko suna da tanki ko rijiyar burtsatse. Ki ƙirga tagogi, ki ga masu gilashi nawa ne da tsayinsu daga ƙasa, ki duba tsakar gida ko yashi ne ko an daɓe, bishiyoyi nawa ne, domin dogon yaro guda biyu a tsakar gida sun isa su cinye safiyar mutum ɗaya a lokacin kaɗewar ganye. Ki tambayi yawan ma'aikatan da ke zama a biron da yawan baƙin da ke shiga a rana, saboda makewayin da mutum goma ke amfani da shi da wanda mutum sittin ke shiga aikinsu ba ɗaya ba ne. Sannan ki yi wa maigadi tambaya cikin ladabi, me ya sa aka rabu da masu aikin da suka gabata. Maigadi ya fi darakta sanin amsar.

Abin da ya sa na dage a kan wannan ziyara shi ne abin da idona ya gani. Akwai ranar da muka buɗe wani tayi mai shafi kusan talatin, an ɗaure shi da kyau, da hotuna masu launi, amma a ciki mai tayin ya yi alkawarin goge na'urar hawa bene da zuƙe ƙurar kafet kowace safiya, alhali gininmu na ƙasa ne, ba bene, kuma babu kafet ko taku ɗaya a cikinsa. A shafi na biyu ma sunan wata ƙungiya dabam ne a jikin wasiƙar, an manta ba a goge ba. An kwafo takardar ne daga intanet a shagon buga takardu. A wannan zama wanda ya yi nasara shafi shida ya kawo, sai dai a cikinsu ya ambaci cewa famfon makewayin baya yana ɗiga, kuma tagogin ɗakin taro na gabas su ne suka fi shan ƙura, don haka ya ware musu gogewa sau biyu a mako.

Dosiyen da za ki kai kashi uku ne, kuma da takardun hukuma ake fara dubawa. Idan ɗaya ta ɓace, sau da yawa a nan ake ajiye ambulan gefe ba tare da an ko leƙa farashi ba. Abin da aka saba nema shi ne rajistar kasuwanci, wato RCCM, wadda ke tafiya bisa dokokin OHADA, dokokin kasuwanci na bai-ɗaya da Nijar ke cikin ƙasashen Afirka 17 masu aiki da su. Lambar lanho, wato NIF. Takardar shaidar cewa ba a bin ki bashin lanho, wadda ake kira ARF, ita kuwa tana da wa'adi, saboda haka ki duba kwanan watan da ke jikinta. Da shaidar rajista a CNSS, asusun fansho da kare lafiyar ma'aikata a bakin aiki. Idan har yanzu ba ki yi rajista ba, ki fara da zuwa reshen majalisar 'yan kasuwa na nan Damagaram a nuna miki hanya, kuma ki yi haka tun yau, domin takardun hukuma ba su san ranar rufe karɓar tayi ba. Ki karanta sanarwar da kyau ki ga ko kwafi kawai suke so ko wanda hukuma ta buga wa hatimi.

Kashi na biyu shi ne bayanin aiki, kuma a nan ne ziyararki za ta biya ki. Ki fara da gajeriyar wasiƙa mai ɗauke da sunan ƙungiyar daidai yadda suke rubuta shi, da lambar sanarwar, da jimla biyu ko uku da ke faɗin abin da kika gani a ginin da abin da kika ɗauki alkawarin yi. Daga nan sai jadawalin aiki, wuri-wuri: abin da za a yi kullum, abin da za a yi mako-mako, da abin da za a yi sau ɗaya a wata ko a wata uku. A maimakon ki rubuta "tsabtace makewayi", ki rubuta cewa za a wanke makewayi huɗu da ƙarfe bakwai na safe, a sake dubawa da ƙarfe ɗaya na rana, a zuba sabulun hannu, kuma mai aikin zai sa hannu a takardar da ke liƙe a bayan ƙofa. Alkawarin da aka rubuta haka ana iya zuwa a duba ko an cika shi, kuma irinsa kwamiti ke ba maki. Ki faɗi lokacin shigar ma'aikatanki da lokacin tashinsu, ki tsara babban wanki ya faɗa yammacin Juma'a ko ranar Asabar lokacin da biro ya zama fayau, ki kuma nuna yadda lokutan za su sauya a watan azumi.

Akwai abin da takardun da ake kwafowa daga waje ba za su taɓa sani ba, shi ne shekarar Damagaram ba iri ɗaya take ba daga farko zuwa ƙarshe. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu hunturu ne, teburin da aka goge da safe kafin azahar ya yi fari, kuma wanda ya share ɗakin kwamfuta da busasshiyar tsintsiya ya tayar da ƙurar ne kawai ta koma kan na'urori. Ki rubuta cewa a waɗannan watanni da tsumma mai laima za a riƙa gogewa, kuma za a ƙara zagaye na biyu a ɗakunan da iska ke bugawa. Da damina kuma matsalar ta koma taɓo a bakin ƙofa, da ciyawa a tsakar gida, da ruwan da ke kwanciya yana tara sauro. Wanda ya karanta wannan sakin layi a tayinki zai san cewa mai takardar a garin take zaune.

Sai maganar ruwa, wadda a ganina ita ce ta fi kayar da masu kwangilar tsabta a garin nan. Kowa ya san Damagaram a kan dutse take zaune, ruwan famfonmu daga nesa ake turo shi, daga wurare irin su Gogo Machaya da Arungouza da Ganaram, kuma daga Maris zuwa Mayu unguwanni kan yi kwanaki famfo bai ɗiga ba, farashin jarka a hannun 'yan garuwa kuma ya hau. Aikinki kuwa ba ya yiwuwa sai da ruwa. Dole takardarki ta faɗa a fili wa zai samar da ruwa, ke ko su, kuma idan famfo ya ɗauke wa zai biya kuɗin garuwa. Idan kika yi shiru a kan wannan, ranar da makewayi ya yi wari a watan Afrilu ke za a kira, ba kamfanin ruwa ba. Shawarata ita ce ki rubuta cewa ruwa na wuyan mai ginin, ke kuma za ki ajiye durom ko jarkoki cike a wurin da zai isa aikin kwana biyu, kuma duk ruwan da aka saya bayan wannan za a biya shi dabam bisa rasit. Idan suka ƙi, to ki sa kuɗinsa cikin farashi ki raba shi a kan watanni goma sha biyu.

Game da kayan wanki, ki jera sunayensu da yawan da za a kawo a wata, ki kuma bambanta abin da ke ƙarewa, kamar omo da sabulun ruwa da jabel da girezil da ledar shara, da abin da ke daɗewa, kamar bokiti da tsani da abin goge gilashi. Ki nuna musu kin san haɗarin kayan. Jabel, wato ruwan kulorin na kashe ƙwayoyin cuta, ba a haɗa shi da ruwan asid ɗin da ake cire dattin makewayi da shi, domin haɗin yana fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, kuma a ƙaramin makewayi mai rufe yana iya kayar da mutum. Zafi da rana suna rage masa ƙarfi, saboda haka a inuwa ake ajiye shi, kuma wanda aka sirka da ruwa a ranar ake amfani da shi. Ki ware tsumman makewayi da launinsa dabam, kada ya taɓa hawa teburin da ake cin abinci. Ki rubuta cewa ma'aikata za su sa safar hannu da takalmin roba da takunkumi. Idan wata rana asibiti ne ya nemi tayinki, ki sani wannan wani fage ne dabam: ƙarfin kulorin da ake zubawa a kan jini ya kai kashi 0.5 cikin 100, sama da na goge tebur, kuma allurai da sharar jinya suna da akwatinsu da hanyar ƙona su, ba a haɗa su da sharar biro. Kada ki karɓi irin wannan aiki sai an horar da mutanenki.

Ki keɓe sakin layi guda ga abin da ba ya cikin aikinki. Masu fara sana'a suna jin nauyin rubuta wannan, suna ganin kamar rowa ce, amma rashinsa ne ke sa bayan wata biyu ki tarar ma'aikaciyarki tana dafa shayi, tana wanke kwanukan taro, ana aiken namijin zuwa kasuwar Dole, ana sa shi wanke motar darakta, aikin da aka ɗauke su dominsa kuma ya kwanta, sannan a ce ba ku iya shara ba. Ki rubuta cewa yashe masai, feshin maganin ƙwari, wanke na'urar sanyaya ɗaki, da share wuri bayan babban taro ayyuka ne da ake yi bisa buƙata da farashinsu dabam, ki ma sa farashin a ƙarshen takardar. Haka kuma ki faɗi inda sharar za ta ƙare: ko aikinki ya tsaya a bakin ƙofa, ko ke za ki biya mai amalanke ya kai ta juji.

Abin da mai biro ya fi tsoro, ko da bai faɗa ba, shi ne amana. Zai ba baƙi makullin ɗakin da ke da kwamfutoci da takardun albashi, su shiga tun kafin kowa ya zo. Saboda haka ki ba da sunayen waɗanda za su yi aikin da kwafin katin ɗan ƙasa na kowanne, bayan kin nemi yardarsu, ki faɗi wanda zai zama shugabansu a wurin da sau nawa ke da kanki za ki riƙa zuwa dubawa. Ki rubuta yadda za a riƙa karɓar makulli da mayar da shi a hannun maigadi da sa hannu, da cewa ba za a taɓa takardar da ke kan tebur ba, da cewa idan ma'aikaci ya yi rashin lafiya ko haihuwa ko rasuwa ta same shi za ki turo madadinsa a ranar. Ki haɗa mace da namiji a cikin tawagar, domin makewayin mata da hawan tsani. Su kuma samu riga iri ɗaya mai sunan sana'arki, ko da telan unguwa ne ya ɗinka.

Kin ce ba ki taɓa yin kwangilar biro ba, kuma za a nemi shaidar ayyukan baya. Kada ki ƙirƙiro, domin kontabul kan ɗaga waya ya kira lambar da aka rubuta. Ki koma wurin waɗanda kika yi wa aiki, mai kantin magani, mai makarantar kuɗi, ɗan kwangilar ginin da ke kiran ki bayan ya gama, ki roƙe su su rubuta miki gajeriyar takardar shaida cewa kin yi aiki kaza a wata kaza kuma sun gamsu, su sa hannu da lambar waya. Uku irin waɗannan sun wadatar. Kina iya kuma ba da tayin watan gwaji, wanda idan ba su gamsu ba za a rabu ba tare da tara ba.

Yanzu sai farashi, kashi na uku. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fara da tambayar nawa abokin takara zai sa, sai ya rage kaɗan. Daga albashi ake fara lissafi, domin a aikin tsabta shi ne mafi girman kashi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya daɗe a sefa 30,047 tun 2012, sannan aka ɗaga shi zuwa 42,000 daga Janairun 2024. A kan albashi akwai kason da mai ɗaukar aiki ke zubawa a CNSS, kashi 16.4 cikin 100, ban da kashi 5.25 da ake cirewa daga albashin ma'aikaci. Dokar ƙwadago ta 2012 ta sa makon aiki awa 40 ne, kuma ma'aikaci na tara hutun kwana biyu da rabi a kowane wata, wato wata guda a shekara da za ki biya shi yana gida, ki kuma biya wanda ya tsaya a madadinsa.

Bari in buga miki misali da lambobin da na ɗauka don kwatance kawai, ke sai ki sa naki na gaskiya. A ce ginin na buƙatar mutum uku cikakken lokaci, kowanne jika 45, ya zama 135,000. Kason CNSS a kan wannan 22,140 ne. Tanadin hutu, wato kashi ɗaya cikin goma sha biyu na albashi, 11,250. Ki sa 20,000 ladan mai dubawa, ko da ke ce mai dubawar, domin lokacinki ma kuɗi ne. Kayan wanki 40,000, lalacewar kayan aiki da riguna 10,000, sufuri da kwashe shara 15,000, tanadin ruwa 10,000. Jimla 263,390 a wata, kuma har yanzu ba ki ci ko dala ba. Idan kika ɗora ribar kashi 15 cikin 100, farashin ya kai wajen 303,000. To ki duba wanda zai zo ya ce zai kawo mutum uku a kan jika 150: mafi ƙarancin albashinsu kaɗai 126,000 ne, da CNSS ya haura 146,000, abin da ya rage bai kai jika huɗu ba na sabulu da tsintsiya da ribarsa duka. Irin wannan ko dai ba zai biya ma'aikata daidai ba, ko ya riƙa sirka jabel har ya zama ruwa, ko ya gudu a wata na huɗu. Araha ba ta ado, kuma kwamitin da ya taɓa ƙonewa ya san haka. Shi ya sa nake ba ki shawara ki buɗe lissafinki layi-layi a cikin tayin. Idan suka ce ya yi tsada, sai ki tambaye su wane layi za a cire, a rage mutum ɗaya ko a rage zagayen rana, maimakon ki zaftare ribarki a tsaye.

Harajin TVA, wanda ake ɗorawa a kan farashin kaya da aiki, a Nijar kashi 19 cikin 100 ne, kuma a misalinmu zai ƙara 57,570, farashin ya zama 360,570. Sai dai ba kowane mai NIF ne doka ta ba damar ɗora TVA a faktir, wato takardar neman biya, ba. Ya danganta da rukunin lanhon da aka sa ki, kuma ƙananan 'yan kasuwa masu biyan lanho na dunƙule ba sa ɗora shi. Wasu ƙungiyoyin ma suna da takardar yafewar haraji. Ki je ofishin lanho ki tabbatar da rukuninki, ki tambayi kontabul ɗin ƙungiyar ko farashi da haraji suke so ko ba haraji, ko za su cire wani kaso na lanho tun daga tushe kafin su biya ki, da kuma ko sai da faktir mai shaidar hukumar lanho suke biya. A takardar ki nuna duka biyun, farashi kafin haraji da bayansa, da lambobi da kuma kalmomi, ki tabbata sun yi daidai, domin idan suka saɓa abin da aka rubuta da kalmomi aka saba ɗauka.

Sharuɗɗan biya ma ki rubuta su da kanki, kada ki jira. Ƙungiyoyi kan biya ne bayan an gama wata an kai faktir, sau da yawa cikin kwana 30, wani lokaci kuma sai takarda ta je Yamai ta dawo. Ma'aikatanki kuwa ƙarshen wata suke jira, mai gidan haya na jiran su. Idan ba ki da abin da zai riƙe albashi da kayan wanki na wata biyu zuwa uku ba tare da an biya ki ba, ki nemi a sa kuɗin somin aiki a cikin yarjejeniya, ko ki haƙura da wannan kwangila ki nemi ƙarama. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ki faɗi tsawon lokacin da farashinki zai tsaya, kwana 90 aka fi nema, sannan ki sa sharaɗin sake duba farashi idan gwamnati ta ƙara mafi ƙarancin albashi ko kayan wanki suka yi tashin da ya wuce wani kaso da za ku amince a kai. Yawancin robobi da sabulan da muke aiki da su daga Kano suke shigowa ta Matamaye da Magarya, kuma duk wanda ke sana'a a lokacin da aka rufe iyaka daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024 ya ga yadda farashi ke sauyawa a cikin mako guda.

Saura harshe. Ko da yake kundin sake gina ƙasa da gwamnati ta ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa, takardun biro har yanzu da Faransanci ake karɓar yawancinsu. Idan naki bai kai na rubuta kwangila ba, babu abin kunya a neman mai rubutawa, amma ki bi wannan tsari: ki zauna ki tsara komai da Hausa tukuna, jadawali da lissafi da sharuɗɗa, sannan ki kai a juya miki, bayan an gama kuma ki sa wani mutum dabam ya karanta ya mayar miki da Hausa baki da baki. Ta haka za ki kama duk alkawarin da mai bugawa ya ƙara don takarda ta yi kyau. Sa hannunki ne a ƙasa, kuma duk abin da ke sama da shi za a bi ki bashinsa.

Ranar kaiwa ki bi umarnin sanarwar kamar yadda aka rubuta shi. Idan sun ce bayanin aiki da farashi kowanne a ambulan ɗinsa, a liƙe, sannan a sa su cikin babba wanda ba sunanki a bayansa, to haka za ki yi, domin farashin da ya ɓulla a cikin bayanin aiki kan jawo a soke tayi gaba ɗaya. Ki sa hannu da hatimi a inda aka nema, ki ajiye kwafin komai a gida, ki kai kwana ɗaya kafin wa'adi saboda wutar NIGELEC na iya ɗaukewa a daidai lokacin da kike shagon buga takardu, kuma ki tabbata an rubuta sunanki da lokacin karɓa a rajistar mai karɓa. Idan wani ya raɗa miki cewa sai an ga nasa kafin ambulan ɗinki ya wuce, ki sani wanda ya karɓa a farko zai dawo kowane wata, kuma a lissafin da muka yi a sama babu layin da zai ɗauke shi. Idan ba ki samu ba, ki rubuta musu gajeriyar wasiƙar godiya ki nemi su faɗa miki inda tayinki ya gaza, ko a takardu ne, ko a bayanin aiki, ko a farashi. Yawancin waɗannan kwangiloli na shekara guda ne, kuma awon ginin da kika yi yana nan a littafinki idan sanarwar ta sake fitowa.